Tsoron Hawa Babur Da Daddare: Yadda Ake Maganinsa Ba Tare Da Ganganci Ba

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba, da kuma masu son karantawa a nutse.

Maganar yau wani saƙo ne ya jawo ta. Wani ƙanenmu a nan Kano ya rubuto min, ya roƙi kar in kama sunansa. Ya ce da ƙyar da siɗin goshi ya samu aiki a wani shago, ana tashi ƙarfe goma na dare, gidansu kuma yana can bayan gari. Yana da babur ɗinsa, shekara uku yana hawa. Wata biyu da suka wuce ya faɗi da daddare, Allah Ya tsare bai karye ba, sai ƙujewa. Amma tun daga ranar, da an kira magariba sai gabansa ya fara faɗuwa. Yanzu a gida yake barin babur ɗin, kuɗin adaidaita sahu yana cinye masa albashi, har ya fara tunanin ajiye aikin. Ƙarshen saƙon ya ce: "Yaya, don Allah ya zan yi in cire tsoron nan?"

Ƙanena, kar ka ajiye aikin nan tukuna. Zauna mu yi magana, don ni ma na sha irin ruwan da ka sha.

Wani dare lokacin hunturu ina dawowa daga taron matasa da muka yi kan shaye-shaye, wajen tara da rabi. Hanya ce da na sani kamar yunwar cikina. Wata mota ta taho ta dalle min ido da fitila, na kasa ganin komai, amma ban sassauta totur ba, don a raina na san hanyar. Ashe da yammacin ranar tifa ta juye yashi a gefen titin, wasu za su yi gini. Ban ankara ba sai ji na na yi a ƙasa, babur yana can yana kuka shi kaɗai. Sati uku ban iya ɗaga buta da hannun dama ba. Hannu ya warke, amma zuciya ba ta warke ba. Na fi wata huɗu ina ƙirƙiro uzuri don kar dare ya same ni a waje. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi.

Abokaina suka yi ta cewa, "Kai dai dake kawai, namiji ne fa kai." Na gwada dakewar, ba ta yi ba. Abin da ya warkar da ni wani dattijon bakanike ne. Na kai masa babur ɗin ya gyara abin da ya lanƙwashe, ya kunna fitila ya haska bango, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan fitilar taka ai tsuntsu take nema a bishiya. Da me kake ganin hanya?" Ashe shekara guda ina yawo da fitilar da ke haska sama. A nan na gane tsorona yana da gaskiya: ina gudu cikin duhun da ban san abin da ke cikinsa ba.

To ga maganar shirin yau gaba ɗaya, in ka riƙe ta ko ba ka karanta sauran ba ka samu: ƙarfin gwiwa da daddare yana zuwa ne daga sanin cewa duk abin da fitilarka ta nuna maka, za ka iya tsayawa kafin ka kai gare shi. In ka san haka, zuciya da kanta take kwanciya. In ba ka san haka ba kuma ka dake, sunan wannan ganganci.

ME YA SA DARE YA BAMBANTA?

Idon ɗan Adam na rana ne. Cikin duhu ba ya rarrabe kala sosai, ba ya iya auna nisa daidai, kuma abin da ke gefe yana ɓace masa. In ka fito daga wuri mai haske, ido yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya gama sabawa da duhu. Shi ya sa minti goman farko bayan ka fito daga shago mai fitilu, ko bayan ka gama danna waya, su ne lokacin da ganinka ya fi rauni. Kuma duk lokacin da mota ta dalle ka, sai an ɗauki wasu daƙiƙoƙi kafin ganin ya dawo. A cikin daƙiƙoƙin nan babur bai tsaya ba, tafiya yake da kai a makance.

Ƙara da irin titunanmu. Ramin da babu shi jiya yau ya buɗe. Kwalbatin da aka sace murfinsa. Tudun rage gudu da 'yan unguwa suka yi da kansu, babu fenti babu alama. Mai kurar ruwa yana turawa a gefen titi ba fitila. Akuya. Yaro sanye da baƙar riga zai tsallaka. Tirela ta lalace an bar ta a kan kwalta, alamar da aka sa kawai reshen ganye. Da rana duk waɗannan kana hango su daga nesa ka kauce ba tare da ka yi tunani ba. Da daddare sai sun shigo cikin hasken fitilarka za ka san da su.

LISSAFIN DA KOWANE MAI BABUR YA KAMATA YA SANI

Yi haƙuri da ni, ɗan lissafi ne kaɗan, ba na jarrabawa ba.

In kana gudun kilomita 60 a awa, kana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da hannunka da ƙafarka suka kama birki, mu ƙaddara daƙiƙa ɗaya da rabi, don da daddare sai ka tsaya tantance ko inuwa ce ko rami. A wannan ɗan lokacin ka ci mita 25 ba ka ma taɓa birki ba. Shi kansa birkin, a kan busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai kyau, da mahayin da ya iya, yana buƙatar wajen mita 20. Jimla mita 45 kenan, kusan rabin tsawon filin ƙwallo.

In ka sauko zuwa 40, lissafin yana komawa wajen mita 26. In ka haura zuwa 80, yana kai wa kusan mita 70. Lura da wani abu: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. In kuma akwai yashi ko ruwa a kan titin, ko tayarka ta suɗe, sai abin da hali ya yi.

Yanzu tambayar ita ce: mita nawa fitilarka take nuna maka? Yawancinmu ba mu taɓa aunawa ba. To auna yau da daddare. Samu layi mai duhu wanda ba mota, ka tayar da babur, ka kunna fitila, ka sa abokinka mai sanye da tufafi masu duhu ya yi ta tafiya gaba yana ƙirga taku har sai ka daina ganinsa sosai. Taku arba'in na babban mutum wajen mita talatin ne. In a nan ya ɓace maka, to ka samu amsarka: fitilarka ta gudun 40 ce. Duk ranar da ka yi 60 da ita a cikin duhu, ka riga fitilarka gudu, sa'a ce kawai take kai ka gida.

Na san wani zai ce, "Malam, mitar gudun babur ɗina ta shekara biyu da mutuwa." Mu da yawa haka muke. To yi amfani da baki. Da zarar wani abu ya shigo haskenka, misali turken wuta ko dutse a gefen hanya, fara ƙirga daƙiƙa a nutse. In ka iso wurinsa kafin ka kai uku, gudunka ya yi yawa. In ka kai huɗu, kana da sarari. Kwana kaɗan za ka yi kana ƙirgawa, daga nan jikinka zai haddace.

GYARA BABUR KAFIN KA GYARA ZUCIYA

Fara da fitilar gaba. Goge gilashinta kullum kafin ka fita, musamman lokacin hunturu, ƙura kaɗai tana cinye haske mai yawa. In gilashin ya yi ja ko ya dushe, canza shi, bai kai kuɗin ɗinki a asibiti ba. Sannan saiti: tsaya gaban bango da ɗan nisa, ka hau babur ɗin kamar za ka tafi, ka kunna dim. Saman hasken ya kamata ya faɗi ƙasa kaɗan da tsayin ita kanta fitilar. In ya haura, kana haska sama kana kuma kashe wa na gabanka ido. Bakanike zai daidaita maka cikin minti biyar.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. A yawancin ƙananan babura irin namu, fitilar gaba daga inji take shan wuta kai tsaye. Shi ya sa in ka sassauta totur sai ka ga haske ya dushe, daidai lokacin da ka fi buƙatarsa, wato wurin rami ko kwana. Maganinsa ka sauko da giya. Ƙaramar giya tana riƙe inji a sama alhali gudunka kaɗan ne, hasken sai ya tsaya.

Sai fitilar baya. Wallahi 'yan'uwa wannan ita ce wadda muka fi wulaƙantawa, kuma ita ce ke gaya wa direban tirelar da ke bayanka cewa akwai rai a gabansa. Kafin ka fita, taka birki ka miƙa hannu baya ka ga ko jan haske ya faɗo a tafinka. Duba sigina. In an fasa jan gilashin, sa wani. Akwai tef mai sheƙi da ake liƙa wa manyan motoci, sayi ɗan guntu ka liƙa a bayan babur da bayan hular kwano. Rigar nan mai sheƙi da ma'aikatan titi ke sawa ita ma ba tsada gare ta ba. Abokai za su yi maka tsiya su ce ka zama ɗan KAROTA. Bar su su yi, ka isa gida lafiya.

Masu sa farar fitilar nan mai tsananin haske kuma, don Allah a saita ta ƙasa. In ka makantar da mai tahowa, kai zai faɗo wa.

Duba taya da iskarta, duba birkin gaba da na baya, duba sarƙa, ka mayar da madubin da ka cire don gayu. Sha mai tun da rana. Rabin fargabar dare tunanin "in ya mutu min a nan fa?" ne, kuma wannan a wurin bakanike ake maganinsa.

HULAR KWANO

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna farkon shekarar 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Ina yaro a lokacin, amma ban manta 'yan acaɓa da suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaure ta da igiya ba. An yi dariya, labarin har ƙasashen waje. Abin takaicin shi ne har yau da yawanmu kallon abin dariya muke yi wa hular. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu kenan fa. Kuma abin da ya fi kashe mai babur shi ne buguwar kai.

Sa ta, ka ɗaure igiyar haɓa, don wadda ba a ɗaure ba ita take riga ka tashi. Da daddare gilashinta ya zama fari tas. Baƙin gilashi na rana ne. Wanda ya sha karce kuma yana tarwatsa hasken motoci ya zame maka taurari a ido. In babu gilashi, nemi farin tabarau, saboda ƙura da ƙwarin damina da ke bin fitila. Sa takalmi rufaffe, silifas ba abokin tafiya ba ne. Masu babbar riga, da 'yan'uwa mata masu hawa ko ake goyawa, a tattare bakin riga da hijabi da abaya, kar su kusanci sarƙa ko waya-wayar taya.

IN AN DALLE KA DA FITILA

Wannan shi ne abin da ya kayar da ni, kuma shi ne mutane suka fi kuka da shi. Ido yana son bin haske, babur kuma yana bin inda ido ya kalla. In ka ƙura wa fitilar mota ido, ba ka sani ba za ka riƙa karkata wajenta. Don haka sauke idonka zuwa gefen titi na hannun damanka, ka bi bakin kwalta da kallo, ka bar motar a gefen ido. A lokaci guda ka sassauta totur. In ka ga ba ka ganin komai, rage har kusan tsayawa. Ba kunya ba ce. Kar ka rama da ful ɗinka, makafi biyu kenan za su haɗu a titi ɗaya. Ka ɗan ƙyafta masa sau ɗaya, in ya sauke to, in bai sauke ba kai ka kiyaye kanka.

Fitila ɗaya da ka hango tana tahowa, kar ka yanke cewa babur ne. Sau da yawa mota ce mai ido ɗaya, kuma ba ka san wane idon ne ya mutu ba. Ba ta wuri kamar mota har sai ta wuce.

Ka kuma sani direbobi ba sa iya auna nisan babur da daddare, ɗigon haske ɗaya kawai suke gani. Shi ya sa a mahaɗa da shataletale za ka ga mota ta shigo maka kamar ba ta gan ka ba. Ɗauka cewa bai gan ka ba ɗin. Yatsu biyu su zauna a kan birkin gaba.

Motar da ke gabanka za ta iya zame maka jagora. Fitilunta sun fi naka nisa, kalli abin da suke haskawa. In ka ga jan fitilunta sun yi tsalle ko sun kauce, akwai rami a wurin. Amma ba ta tazara sosai, kar ka manne mata, don mota tana bi ta kan ramin da ke tsakanin tayoyinta lafiya lau, kai kuma ya fito maka ba sallama. Kar kuma ka lafe can ƙarshen kwalta, nan ne yashi da shara da masu tafiya a ƙasa suke.

Lokacin hazo, ful ba ya taimako, ƙura ce take dawo maka da hasken cikin ido. Zauna a dim ka rage gudu. Da damina, ruwan farko yana taso da mai da dattin da ke kan kwalta, titi ya yi santsi. Ruwan da ya kwanta kuma da daddare ba ka sanin zurfinsa. In ba ka ga wani ya bi ta ciki ba, kar ka zama na farko.

YADDA ZA KA DAWO DA ƘARFIN GWIWA, MATAKI-MATAKI

Ƙanena mai saƙo, wannan ɓangaren naka ne. Kar ka ce gobe za ka ɗauki babur ka yi tafiyar ƙarfe goma gaba ɗaya. Tsoro ba ya fita da tsiya, a hankali ake lallaɓa shi.

Satin farko, da rana, samu wuri mai kwalta wanda ba zirga-zirga ka koyi birki. Da yawanmu tsoron birkin gaba muke, an ce yana kifar da mutum, alhali shi ne mai yawancin ƙarfin tsayar da babur. Abin da ke kayarwa shi ne cafkar sa lokaci ɗaya, ko kama shi a kan yashi ko cikin kwana. Matsa shi a hankali sannan ka ƙara ƙarfi, kamar kana matse lemon tsami, tare da na baya. Ajiye alama a ƙasa, ka taho a 30, ka tsaya, ka ƙirga takun da ka ci. Maimaita har hannunka ya san aikinsa ba sai ka gaya masa ba.

A satin nan dai, fara fita bayan sallar asuba. Wannan dabarar ita ta fi yi min aiki. Za ka fara cikin duhu, titi babu kowa, kuma kowane minti gari ƙara wayewa yake. Zuciya ta san haske na zuwa, sai ta saki. Minti goma sha biyar a cikin unguwa ya isa.

Sati na biyu, juya abin: fita bayan magariba a layukan da ka sani. Sannan ka bi hanyar wurin aikinka da rana da idon mai bincike. Ina ramuka? Ina tudu? Ina fitilun titi suke ƙarewa? Ina mai shayi ko gidan mai da ke kaiwa dare, inda za ka iya tsayawa in wani abu ya faru? Amma ka tuna da yashina: sanin hanya ba ya maye gurbin kallon hanya. Abin da ka haddace jiya ne, titi kuma na yau ne.

Sati na uku, nemi wanda ya saba, mai hankali ba mai wasa da babur ba, ya shige gaba kai kana binsa da tazara, ku yi hanyar gaba ɗaya da daddare sau biyu ko uku. Daga baya ku canza, kai a gaba shi a baya.

Sati na huɗu, kai kaɗai. Ba goyo, ba abin ji a kunne. Ka gaya wa wani a gida lokacin da ka taso. In ka ji kafaɗunka sun sandare, hannunka ya shaƙe kan babur, to ka saki numfashi, ka sassauta riƙo, ka matse tanki da gwiwa. Hannun da ya sandare ba ya iya kaucewa. In fargaba ta taso sosai, tsaya a wuri mai haske da mutane, ka huta minti biyu, ka ci gaba. In wani mataki ya yi maka nauyi, koma na bayansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Rana ta farko da za ka wuce daidai inda ka faɗi, gabanka zai buga. Nawa ma ya buga. Rage gudu ka kalli wurin da kyau ka wuce. A karo na biyar za ka ga wuri ne kamar kowane wuri.

ƊAYAN TSORON: MUTANE

Kar mu yaudari juna, ba rami kaɗai ake tsoro da daddare ba. Akwai masu ƙwacen waya, akwai ɓarayin babur. Zaɓi hanya mai haske da jama'a ko da ta fi nisa, lungun da ke rage maka minti biyar bai kai ranka ba. Waya ta zauna a aljihun ciki. In an kira, bari sai ka isa. In wani ya tsayar da kai a wuri mai duhu ba ka san shi ba, ba dole ne ka tsaya ba. In kuma Allah Ya ƙaddara an tare ka da makami, miƙa abin da suka nema. Ana sake sayen babur.

In ka hango shingen jami'an tsaro, rage gudu tun daga nesa, sauke fitila zuwa dim, hannuwanka su zauna a kan babur, ka yi sallama, takardunka su kasance tare da kai. Ka kuma san dokar garinku. A Kano tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa, kuma jihohi da dama a Arewa sukan sa dokar taƙaita hawa babur da daddare in tsaro ya taɓarɓare. Inda aka hana, ko hanyar da aka san ta da 'yan bindiga, babu wani ƙarfin gwiwa da za a koya, a haƙura kawai a kwana. Ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta agajin gaggawa a wayarka.

RANAR DA BAI KAMATA KA HAU BA

In barci kake ji, kar ka hau. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu a gudun 40 mita 22 ne ido a rufe. Maganin mura ma wani yana sa barci, karanta takardarsa.

Sai maganar da ba zan gaji da yi ba. Akwai masu cewa sai sun haɗiyi ƙwaya suke samun zuciyar hawa da daddare. Ɗan'uwa, ƙwaya tsoron kawai take kashewa, ramin yana nan inda yake, kuma ta rage maka saurin kama birki. Ta cire maka mai gadi ta bar ƙofa a buɗe.

In kuma ka lura kai ganinka da daddare ya fi na abokanka rauni sosai, ko fitilu suna yi maka gizo, je a duba idonka. Akwai dundumi, wanda ƙarancin sinadarin bitamin A yana cikin abubuwan da ke kawo shi, akwai kuma wanda tabarau kawai yake buƙata bai sani ba. Gwajin ido ba ya ɗaukar yini.

Muna addu'a kafin mu hau, kuma mu ci gaba da yi. Amma tawakkali ba ya hana duba fitilar baya. Ka yi naka, sannan ka bar wa Allah sauran.

Ƙanena, ɗan tsoron da zai rage maka bayan duk wannan, kar ka yi faɗa da shi. Ni har yau ina da nawa, shi ne yake sa hannuna sassauta totur in an dalle ni. Jeka auna fitilarka yau, ka kai wa bakanike gobe, ka fita bayan asuba jibi. Bayan wata ɗaya ka sake rubuto min, ina jira.

Ku kuma sauran 'yan'uwa, wanda ya auna tasa ya gaya mana taku nawa ya samu, mu ga masu yawo da fitilar neman tsuntsu. A tura wa duk wanda aka san yana dawowa gida da daddare. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa a kan titi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.